Ya warke daga sankara, amma karatu ya tsaya

Wata uwa daga Yankwashi ta rubuto mini cewa ɗanta ya gama maganin sankarar jini a Kano, ya koma makaranta, amma malamai sun ce ba ya mai da hankali. Har babansa ya fara ɗaukar bulala.

'Yar'uwa, ki roƙi maigida ya ajiye bulalar. Maganin methotrexate da ake yi wa yara ta ƙashin baya, da gashin da ake yi a kai, kan rage natsuwa da saurin fahimta, wani lokaci sai bayan shekaru abin ya bayyana. Ba lalaci ba ne.

Akwai maganin da ake kira methylphenidate, ko Ritalin. Binciken asibitin St. Jude a Amurka ya nuna yana taimaka wa wasu irin waɗannan yara, ba duka ba. Yakan rage cin abinci, ya hana barci, ya ƙara bugun zuciya. Shi ya sa likita kaɗai ke rubuta shi, yana kuma duba nauyin yaro da hawan jininsa. Kada ki karɓi komai daga kemis ko mai tallar magani.

Ki koma da shi wurin likitocin yara da suka yi jinyarsa. A fara duba jinsa, ganinsa da ƙarancin jini. Ki nemi malami ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan.

Allah Ya ƙara masa lafiya.