Harkar Kasuwa: Motar Abinci da Lissafin Inshora

A 'yan watannin nan samari da 'yan mata daga Nima da Madina, har da Aboabo ta Kumasi, sun sha tare mu da magana guda: suna so su sayi tsohuwar bas su mai da ita ɗakin girki, su riƙa kai wake da shinkafa da tuwon zafi da tsire bakin ofisoshi da wuraren biki. Madalla. Sai dai duk takardar lissafin da aka nuna mana, akwai kuɗin mota da na mai walda da na fenti da na janareta, amma inshora sai a rubuta "sitika" can ƙasa, a sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

To, sitikar nan ta ƙaramar inshora ce, wadda dokar 1958 ta wajabta wa kowace mota a Gana. Aikinta biyan wanda motarka ta buge ko ta yi wa ɓarna a hanya. Ba ruwanta da motarka ita kanta, balle firiza da murhu. Kuma tun 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa take da rumbun lambobin motoci a kwamfuta, ɗan sanda na iya dubawa ta wayarsa, don haka sitikar bayan tasha ba ta da sauran amfani.

Babban haɗarin motar abinci yana faruwa ne tana tsaye, mai yana tafasa, tukunyar gas na gefe, mutane sun yi layi a taga. Mutanen Madina ba sa bukatar a gaya musu abin da gas ke yi, tun fashewar Atomic Junction ta Oktoban 2017. Saboda haka mai lissafi ya nemi farashin cikakkiyar inshorar mota, da ta gobara da sata a kan kayan girki, da wadda za ta biya abokin ciniki idan ya ƙone ko abinci ya ɓata masa ciki. In akwai yara masu aiki, su ma a sa su, domin dokar diyyar ma'aikata ta 1987 a wuyan maigida ta ɗora raunin da suka ji a bakin aiki.

Inda 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami shi ne wajen cika fom. Wani ya rubuta motar ta gida ce don kuɗi ya sauko, ya ɓoye batun gas. Ranar da wuta ta tashi, kamfani zai turo mai bincike, ya ga murhu, magana ta mutu. Wani kuma ya rage darajar kaya. A ce kayanka na sidi 100,000 ne, ka rubuta 50,000. In ɓarnar 20,000 ta same ka, 10,000 za a ba ka, tunda rabin kayan ka yi wa inshora. Farashin da za ka rubuta shi ne na sayen irinsu yau, ba na shekarar da ka saya ba.

Mu dai shawararmu, a je kamfani uku da takarda iri ɗaya: shekarun mota, darajarta bayan gyara, yawan tukwanen gas, wuraren da za ta riƙa tsayawa. A tambayi kowannensu nawa ne kason da mai mota zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, don sau da yawa a nan arahar take ɓuya. Abin da aka yanka a raba shi da kwanakin ciniki. Misali sidi 6,000 a kwana 300, sidi 20 ke nan kullum, sai a shigar da shi cikin kuɗin faranti. Amma a tanadi kuɗin dunƙule tun kafin a kunna wuta, domin tun 2014 ƙa'ida ita ce sai an biya inshora take fara aiki.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba takardar lafiya ta masu sayar da abinci.