Land Cruiser ko Lexus LX 600: Motocin manya da halin da hanyar Tsafe ke ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Gusau ranar wani babban taron siyasa ya san yadda abin yake. Jiniya ce ke fara isowa, sai motocin jami'an tsaro, sannan baƙaƙen jif-jif masu duhun gilashi su biyo baya a jere. Matasa sun ƙware wajen tantance su tun daga nesa, har gardama kan kaure a majalisu da shafukan Facebook: tsakanin Toyota Land Cruiser 300 da Lexus LX 600, wacce ta fi? A jihar da aka je har gaban alƙali kan motocin gidan gwamnati, wannan gardama ta wuce hirar masu sha'awar mota, domin kuɗin jama'a ne ke sayen da dama daga cikinsu.

Uwa ɗaya, uba ɗaya

Abin da masu gardamar ba su cika faɗa ba shi ne kamfani ɗaya ke ƙera motocin biyu. Lexus reshe ne da Toyota ya buɗe a 1989 domin ya yi gogayya da motocin alfarma na Jamus a kasuwar Amurka. Ita Land Cruiser tsohuwar zuma ce: a 1951 aka fara ƙera ta, aka raɗa mata wannan suna a 1954, ta kuma yi suna a matsayin motar sahara da daji wadda ba ta gajiya. A 2021 Toyota ya fito da samfurin 300, a shekarar kuma aka bayyana LX 600. Ƙashin jikinsu ɗaya ne, injin fetur ɗinsu ɗaya ne mai silinda shida da ƙarfin doki sama da 400, giyarsu kuma mai hawa goma ce mai canza kanta. Dukansu an raba su da tsohon inji mai silinda takwas da aka san magabatansu da shi. Bakanike zai ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Bambancin yana cikin ɗaki. LX 600 na da na'urar da ke ɗaga motar ko sauke ta gwargwadon hanya, da fata mai laushi, da kayan sauti masu tsada. Samfurinta mafi tsada kujeru huɗu kacal gare shi, an kuma tsara na baya yadda mai gida zai kishingiɗa ya miƙe ƙafa kamar yana cikin jirgin sama. Lokacin da ta shiga kasuwar Amurka a 2022, farashin wannan samfuri ya haura dala dubu 120. Land Cruiser ta fi sauƙin kuɗi, tana da samfurin dizal, kuma makanikai daga Gusau zuwa Kano sun fi sabawa da danginta. A taƙaice, Land Cruiser an gina ta ne domin mai tuƙi da muguwar hanya, LX 600 kuma domin wanda ake tuƙawa. Akwai waɗanda suka fi su tsada nesa ba kusa ba, irin su Rolls-Royce Cullinan da Bentley Bentayga, amma waɗannan na attajiran Legas da Abuja ne. A ayarin masu mulki a Arewa, waɗannan biyun ne ke kan gaba.

Kuɗin da ke bayan gilashin

Farashin irin waɗannan motoci dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba; bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai da dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ke nan motar da ba ta canza ko ƙusa ɗaya ba ta ninka kuɗinta kusan sau uku, tun ba a zo batun kuɗin fito na kwastan da ribar ɗan kwangila ba.

A ƙarshen 2023 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan sayen jif-jif ƙirar Toyota ga 'yan Majalisar Tarayya su 469, inda rahotanni suka sa kuɗin kowace mota a kusan naira miliyan 160. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya yi shekara 190 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin mota guda. Tankin Land Cruiser 300 na cin lita 110. A lokacin da litar fetur ta kai naira dubu, cika shi sau ɗaya ya zarce albashin wata na wannan ma'aikaci. A tuna kuma, sai a tsakiyar 2024 Zamfara ta fara biyan tsohon mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka amince da shi tun 2019, kuma ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen jihar na fama da talauci ta fuskoki da dama.

Hujjar da Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin da ke kula da hidimomin Majalisar Dattawa, ya kafa a wancan lokaci ita ce lalacewar hanyoyin Najeriya: ƙaramar mota ba za ta jure ba. Gaskiya ya faɗa game da hanyoyin. Sai dai waɗanda ke kafa hujja da ramukan su ne dai masu amincewa da kasafin da ya kamata ya cike su.

Rigimar motocin gidan gwamnati

Zamfara na da nata babin a wannan labari. A watan Afrilun 2022 Gwamna Bello Matawalle ya raba motoci 260 ƙirar Cadillac ga sarakuna 17 da manyan hakimai 13 da hakimai 230, a daidai lokacin da ƙauyukan da waɗannan sarakuna ke riƙe da su ke biyan harajin 'yan bindiga kafin su shiga gona. Bayan zaɓen 2023, sabon gwamna Dauda Lawal ya zargi wanda ya gada da tafiya da motocin gwamnati, ya kuma ba shi wa'adin mayar da su. A watan Yunin shekarar 'yan sanda suka shiga gidajen tsohon gwamnan a Gusau da Maradun, gwamnatin jihar ta ce an ƙwato motoci fiye da 40, ciki har da masu sulke. Matawalle ya musanta zargin, ya ce an yi masa ɓarna a gida, ya kuma garzaya kotu yana cewa motocin nasa ne. Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ta yi watsi da ƙarar, a 2025 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan hukunci.

Magoya bayan ɓangarorin biyu sun mayar da batun na jam'iyya, shi ya sa babban darasin ya ɓace a cikin hayaniya. Da jihar na da rajistar kadarori a buɗe, wadda ta nuna kowace mota da lambar jikinta da kuɗin da aka saye ta da ofishin da aka ba, da ba a buƙaci samamen 'yan sanda ko shari'ar shekara biyu ba kafin a san mai ita. Rashin wannan rajista ya amfani gwamnatocin jiya, kuma zai amfani duk wadda ke kan kujera muddin ba a gyara ba.

Sulken mutum ɗaya, hanyar kowa

Yawancin jif-jif ɗin da manyan masu mulki ke shiga ba yadda suka fito daga Japan suke ba. Akan kai su wasu kamfanoni a ƙara musu farantan ƙarfe da gilashi mai kauri. Matakin sulken da ake kira B6 na tare harsashin bindiga ƙirar AK-47, wato makamin da 'yan bindigar dajin Zamfara suka fi riƙewa. Sulken na ƙara wa motar nauyin ɗaruruwan kilo, don haka sai an sake birki da tayoyi, shan mai ya ƙaru, kuma shigo da ita ƙasar nan sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Idan aka zo nan, fifikon Lexus a kan Land Cruiser ya zama ƙaramin zance, domin sulken ake saye.

Ba wanda zai ce gwamnan jiha irin Zamfara ya hau hanya babu kariya. Barazanar gaskiya ce, kuma ba ta bar manya ba. A watan Satumban 2021 aka sace Sarkin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe fiye da wata guda a hannun masu garkuwa. To amma a dubi hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta 'Yankara da Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau. Ita ce babbar ƙofar jihar daga Zariya da Kano da Abuja, kuma ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. Direbobin haya sun san ƙauyukan da ba a tsayawa, da lokacin da ba a kama hanya komai uzuri. Mai motar sulke yakan ratsa wannan wuri da gudu, sojoji gaba da baya. Ɗalibar da ke cikin Golf ko Sharon addu'a ce kawai sulkenta.

A ƙaramar hukumar Tsafe ne, a watan Yulin 2022, masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani, abin da ya kai ga dakatar da sarkin. Al'ummar da ta kai ga neman sulhu irin wannan ta riga ta yanke ƙauna daga kariyar hukuma. A Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu kuma, cikin watan Satumban 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau suka yi awon gaba da su, mafi yawansu mata, a wurin da bai da nisa da fadar jihar.

Shi ma sulken yana da iyaka. A watan Disamban 2024 abubuwan fashewa da aka binne suka tashi da motoci a hanyar Ɗansadau. Motar da aka gina domin tare harsashi ba lallai ta tsira daga nakiyar da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Idan hanya ta gama lalacewa, har mai jiniya sai ya koma neman jirgi.

A nan ne haɗarin siyasar yake. Shugaban da motarsa ke shanye gargada ba ya jin zafin rami a jikinsa, wanda gilashinsa ke tare harsashi kuma ba ya sanin fargabar da ke cikin motar haya idan ta doshi Tsafe da yamma. Abin da mutum bai ji a jikinsa ba, da wuya ya zama na farko a kasafinsa. Gwamnatin jihar ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen watan Janairun 2024, Gwamnatin Tarayya kuma na aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye. Dukansu matakai ne masu amfani, amma ma'auninsu ɗaya ne: ko ɗan kasuwar Tsafe zai iya kai hatsinsa Gusau ya dawo gida bayan magariba.

Abin da ya kamata matasa su tambaya

Zamfara ta taɓa nuna cewa ana iya rage wa manya. A watan Nuwamban 2019 majalisar dokokin jihar ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni, bayan da wasiƙar Abdul'aziz Yari ta neman alawus ɗinsa na naira miliyan goma a wata ta fito fili. Bayyanar takarda guda ce ta jawo wannan. Matawalle ne kuwa ya sa hannu a kan sokewar.

Ƙofar neman irin wannan takarda a buɗe take. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasa a Gusau na iya rubuta wa ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha ta tambaya: motoci nawa aka saya a kasafin bana, wane iri, nawa kowace, wane kamfani aka ba kwangilar, kuma nawa daga ciki suka tafi sintiri a hanyar Tsafe? Za ta iya neman majalisar dokoki ta kafa dokar da ta fayyace ofisoshin da suka cancanci motar sulke, da shekarun da mota za ta yi kafin a sake ta, da abin da mai barin gado zai iya tafiya da shi. Haka nan ana iya tambayar dalilin da ya sa kwamishina ba zai hau motar da aka harhaɗa a Najeriya ba, alhali tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya.

Ga mai neman amsar gardamar majalisa: a hanyoyin Zamfara Land Cruiser ta fi dacewa, domin ƙarfinsu ɗaya da Lexus, ta fi araha, gyaranta kuma ya fi sauƙi. Duk ƙarin kuɗin da aka biya a kan LX 600 kuɗin jin daɗin mai zama a baya ne. Idan daga aljihunsa ya biya, ruwansa. Idan daga baitulmali ne, mutanen Tsafe da Bunguɗu na da haƙƙin ganin rasit, musamman yanzu da 'yan takarar 2027 za su fara shigowa garuruwansu cikin waɗannan motoci suna neman ƙuri'a.