Wurno ta Bello Na Kiran 'Ya'yanta

Jama'ar Wurno, na gida da mazauna birane, ku saurara! Yaro ya tashi yau, abin da ya sani game da garinsu bai wuce cewa hedikwatar ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato ba, sai kuwa albasa da tafarnuwa. Laifin wa? Namu ne, mu manya da muka yi shiru.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya riƙe daula daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi a kwarin gulbin Rima, domin tsare Sakkwato daga hare-haren da ke zuwa ta arewa maso gabas. Ribaɗin Bello kuwa gari ne cikakke: ga mayaƙa, ga malamai da almajirai, ga manoma da masu sana'a, ga makiyayan da ya ja hankalinsu su zauna wuri guda su yi karatu. Shi da kansa ya baro birni ya tare a bakin daga, a nan ya cika, a nan hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma nan ya yi zaman mulki, shi ya sa a 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yi makonni a Wurno. Wato daga wannan gari aka taɓa aika umarni zuwa Kano da Zazzau da Adamawa.

To ina shaidar? Tana cikin gafakar fata a zaurukan malamai, takardu sun yi ja, gefensu na marmashewa, gara na jira. Tana kuma bakin dattawan da muke binnewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da mun tambaye su komai ba. Wannan sakaci ne, kuma abin kunya.

Samari, wayar da ke hannunku ta isa: ku durƙusa gaban kakanninku ku naɗi muryarsu. Magada littattafai, ku yarda a ɗauki hoton kowane shafi, littafinku na nan hannunku. Malaman makaranta, ku kai yara hubbare su ji wanda ke kwance a wurin. Shugabannin ƙaramar hukuma da attajiranmu, ɗaki guda na adana tarihi bai fi ƙarfinku ba. A fara tun bana, tun masu bayar da labarin suna da rai.