Shan Inna Ya Ja Baya, Saura Mutuwar Ɓarin Jiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta yanke a Afirka, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a Nijeriya, watau a Barno, 2016. Ciwon da kakanni suka jingina wa aljana Inna, ashe ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ɓata lakar yaro, ƙafa ta shanye. Riga-kafi ya kore ta, kuma lalle ne a dawwama a kansa.

To, akwai wata shanyewar da har yanzu ake ɗora wa iska, ita kuwa manya ta fi kayarwa: malami a kan buzunsa, attajiri a rumfarsa. Ita ce mutuwar ɓarin jiki, wadda likitocin Musulunci na dā, irin su Ibnu Sina mai littafin Alƙanun, suka kira falij.

Mai karatu ya sani ƙwaƙwalwa ita ce uban ɗakin gaɓoɓi, ba mai motsi sai da umurninta, guzurinta kuwa jini ne. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya a cikinta, wannan kuwa shi ya fi yawa, ko jijiyar ta fashe, sai yankin da take shayarwa ya fara mutuwa nan da nan. Wani abin al'ajabi na hikimar Mahalicci, sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin dama na jiki, na dama kuma hagu. Ga galibin mutane ma'ajin magana a hagu yake, shi ya sa wanda damansa ya mutu sau da yawa harshensa ke sarƙewa, mahaddaci ya nemi Fatiha ta gagare shi.

Babban sanadi hawan jini ne, ga shi ba ya sallama. Mutum ya yi shekaru da shi yana cin kasuwa garau. Idan awo ya dawwama a 140 bisa 90 ko fiye, ya kama. Ciwon sukari da taba da ƙiba na taya shi, haka gishiri, wanda Hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, alhali ɗunƙulen miya da kanwa duk danginsa ne.

Inda ake hasara shi ne jinkiri. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta rikice, sai a kwana ana hayaƙi, alhali allurar narkar da gudan jini, inda ake samunta, cikin awa huɗu da rabi aka saba yinta. Kada kuma a ɗura masa rubutu ko kunu, gama haɗiyarsa na iya lalacewa, ruwan ya zarce huhu. A yi masa addu'a a kan hanyar asibiti.

Malamai aka fi kira da fari, saboda haka amanar tana wuyansu. Riƙon sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Ɗan kasuwan da ba ya sayen hatsi sai ya auna, ya kamata ya auna jininsa, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya bari don ya ji sauƙi. Allah Ya kiyashe bayinsa, amin. Wassalamu.