Titus ɗin da ya saki jiki, ko kyauta ne kar ka karɓa

1/ Jama'a, mu yi maganar kifin ƙanƙara. Jiya da yamma a nan Funtua abokina yana ta murna wai ya samo Titus da araha. Na danna kifin, yatsana ya lotsa kamar a tuwo. Na ce malam, mayar masa da abinsa.

2/ Kifin nan ba ɗan dam ɗin Mairuwa ba ne irin tarwaɗa da karfasa. Ɗan tekun Atilantika ne, can arewa mai sanyi, wajen Norway da Birtaniya. Baƙin zanen bayansa da farin cikinsa duk dabarar ɓuya ce: tsuntsu daga sama ya ga duhun ruwa, babban kifi daga ƙasa ya ga haske.

3/ Garke-garke yake yawo, dubbai a tare. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba shi da 'yar jakar iskar nan da muke cirewa a cikin karfasa. In ya tsaya, nutsewa zai yi. Haka yake iyo dare da rana, shi ya sa za ka ga jan nama a gefensa.

4/ To daga jirgin ruwa a Legas, sai mota, sai firiza a Funtua ko Malumfashi, sai a ɗauke wuta. Ya narke, ya daskare, ya sake narkewa.

5/ Nan matsalar take. Irin wannan kifin in ya ji ɗumi, ƙwayoyin cuta suna tara wani sinadari a namansa, histamin. Suya ba ta kashe shi, dafuwa ma haka. Wani lokacin ko wari ba ya yi. Ka ci, kafin awa guda fuska ta yi ja, ga ƙaiƙayi, ga ciwon kai, ga gudawa. Sai ka ce "kifi ba ya karɓa ta". Sau da yawa ba jikinka ba ne, kifin ne.

6/ Ban ga laifin mai sayarwa kacokan ba, kuɗin man janareta ba wasa ba ne. Amma ba cikin ƙannena ne zai biya asararsa ba.

7/ Ni dai nawa sai ya yi tauri kamar itace, cikinsa bai fashe ba, babu jinin da ya daskare a gindin kwali. In ban samu haka ba, tarwaɗa mai motsi a baho nake saya, ko da guda ɗaya ce.