Na'urorin lafiya na zamani: a jikin wa aka gwada su?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin Legas ko Ibadan ya san 'yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa, ta nuna lamba. Aikinta auna yawan iskar oksijin a cikin jini. Tun lokacin korona ta zama ruwan dare, har a kemis ana sayar da ita. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tana iya ba da lambar da ba daidai ba idan fatar mutum baƙa ce.

A watan Disamba 2020, likitocin Jami'ar Michigan da ke Amurka suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da ainihin gwajin jini. Cikin waɗanda ta nuna lafiyarsu ƙalau, kashi 11.7 cikin ɗari na gwajin baƙaƙen fata ya nuna iskar ta yi ƙasa sosai, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne kacal. Wato ninki uku ke nan. Na'urar haske take turawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana shafar hasken, sannan galibin waɗanda aka daidaita ta a jikinsu farare ne. Sakamakon a fili yake: mai buƙatar oksijin sai a ce masa ya koma gida. Sai a Janairu 2025 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a riƙa gwada irin waɗannan na'urori a kan masu launin fata iri-iri.

Akwai wani misalin. A 2019 mujallar Science ta bankaɗo wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ƙara wa kulawa. Manhajar tana duba kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin ciwonsa. Tunda an saba kashe wa baƙaƙe ƙasa da farare, sai ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken suka lissafa cewa da an gyara, da baƙaƙen da ke samun ƙarin kulawar sun tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5.

To, ina ruwanmu mu mazauna kudu? Ruwanmu babba ne. Na'urorin nan su ake shigo mana da su. Na biyu, binciken lafiya yanzu ya koma kan waya: manhaja, agogon hannu mai auna bugun zuciya, fom ɗin intanet da Turanci. Wanda ke cike irin wannan fom shi ne mai ilimin boko, mai babbar waya da kuɗin data. Mai dako a Mile 12, mai shayi a Agege, matar aure a Sabon Ibadan, direban tirela da ke kwana a Lokpanta, wa ya ƙirga su? A ƙarshe a rubuta an yi bincike a kan "'yan Najeriya", a tsara hidima a kan sakamakon, mu kuwa ba ma ciki. Babban asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, maƙwabcin tsohuwar unguwar Hausawa. Ya kamata mu tambaya: mutanen unguwar nawa ake sakawa a binciken da ake yi a can?

Gaskiya ne muna da dalilin ɗari-ɗari. Ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ƙauracewa gaba ɗaya ita ma tana da nata farashin, domin na'urar da ba a gwada da kai ba, da ita za a auna ka ranar da ka kwanta.

Mafita ita ce mu shiga, amma da sharaɗi. Sarakunan Hausawa, limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi duk mai bincike ya yi bayani da Hausa, da murya ga wanda ba ya karatu, ya faɗi inda bayanan za su je, ya kuma dawo ya gaya wa jama'a abin da aka gano. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma kana da haƙƙin janye amincewarka.

Kafin nan, shawara ɗaya: idan mara lafiyarka yana numfashi da ƙyar, ko ya fara ruɗewa, kada lambar yatsa ta kwantar maka da hankali. Ka faɗa wa likita abin da idonka ya gani, ka nemi a ƙara dubawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.