Jif na kare oga, to wa ke kare mai ƙuri'a?

Jama'a, lokacin gangami na ƙaratowa, kwambar motocin manyanmu za su sake cika tituna. Kafin jiniya ta fara kuka, mu gaya wa kanmu gaskiya kan waɗannan manyan jif-jif da muke yi wa tafi.

An ce babbar mota ta fi tsaro. Haka ne, amma ga na ciki. Land Cruiser ta kai tan biyu da rabi, kusan ninki biyun Corolla, ballantana adaidaita sahu da ba ta kai rabin tan ba. In aka yi karo, mai nauyi ce ke tura marar nauyi. Oga ya fito yana gyara hula, ɗan sahu da fasinjojinsa sai asibiti, in da sauran kwana.

Ga kuma tsayin gaba. Ƙaramar mota ƙafa take duka, mutum ya faɗo kan bonet. Jif kuwa ƙirji take duka, ta kayar da shi ƙarƙashin taya. A 2023 cibiyar IIHS ta Amurka ta gano cewa motar da gabanta ya haura inci 40 ta fi mai gajeren gaba kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Yaron da ya gifta dab da bonet, direba ma ba ya ganinsa. Su kansu na ciki ba su tsira ba, don doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana.

Kada mu manta da Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU. A watan Nuwamban 2013 yana hanyar zuwa taro a Kano, motar ayarin gwamnan Kogi na lokacin ta yi karo da motarsu kusa da Lokoja, ya rasa ransa. Shi sananne ne, shi ya sa aka ji. Mai tallan gyaɗa a bakin titi fa, wa zai ji labarinta?

Don haka kiranmu ga shugabanni da 'yan kwamitin gangami: cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa, kamar yadda dokar hanya ta tanada. In ka ninka gudu, nisan da burki ke buƙata ya ninka sau huɗu. A rage yawan motocin kwamba. A daina cusa samarinmu a bodin Hilux suna reto a jikin ƙarfe, burki ɗaya ya watsar da su a kwalta. Direban da ya yi ganganci a sauke shi, ko ɗan gidan waye.

Mutanen da ke bakin titi suna ɗaga mana hannu, ƙuri'arsu muka fito nema. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah Ya tsare.